Giɓin Da Na Bari Shekara Goma Sha Biyar

Mai girma Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai da suka taso daga Anka, Gummi, Bukkuyum da sauran wurare, ina yi mana barka da sake saduwa.

Da Sakatare ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, ya zaci batun aikin gwamnati zan kawo. To, maganar haƙori na zo da ita, don ita ce ta fi cina kuɗi a 'yan shekarun nan.

'Yan ajinmu za su tuna hutun 2007, lokacin da na dawo da kumburarren kunci. Wani mai cire haƙori a kasuwa ne ya fizge mini turmin ƙasa na hagu, ciwo ya tafi, ni kuma na manta da zancen. Giɓi ne a can ciki, ba wanda yake gani, to me zai dame ni? Ashe haƙori ba a kafe yake kamar ƙusa ba. Abokin karonsa ne yake tare shi in an cije. Da zarar an cire na ƙasa, na sama sai ya riƙa saukowa sannu a hankali, na gefe kuma su karkato cikin giɓin.

Ban farga ba sai a 2022, ina tsakar cin tsire a Gusau na ji turmin sama yana dukan dasashina. Likitan da na gani a Kano ya auna, ya ce ya sauko wajen milimita 2, ba sauran wurin da za a sa haƙorin roba a ƙasa. Ya ce ko dai a goge tsawon, abin da kan kai ga kashe jijiya a yi masa hula, ko a cire shi, ko kuma a tura shi ya koma mazauninsa. Lafiyayyen haƙori ne, sai na zaɓi na ƙarshe.

Abin da aka ba ni wani kwanso ne na roba, garai-garai kamar gilashi, wanda ake kifawa a kan haƙora. Ana ɗaukar siffar baki, kwamfuta ta tsara jerin kwansuna, kowane ɗaya ya matsa haƙorin kamar rubu'in milimita, bayan mako ɗaya ko biyu a canja. Kamfanin da ya yaɗa wannan dabara da sunan Invisalign an kafa shi a Amurka a 1997. Dannawar da kwanson ke yi a hankali ita ke sa ƙashin da ke riƙe da saiwar ya riƙa ba da wuri. Amma mayar da turmi sama na cikin aiki mafi wuya, roba kaɗai ba ta cika isa ba. Ni sai da aka ɗaura mini wani ɗan ƙaramin noti a ƙashin muƙamuƙi, aka maƙala zaren roba yana ja.

Sharaɗinsa ne ya fi ba ni wahala: awa 20 zuwa 22 kullum yana baki, ba a cire shi sai za a ci abinci ko goge baki. Shayi mai zafi yana lanƙwasa shi, goro yana rina shi. Malam, kai da ka sha kama ni da goro a aljihu, yau dai robar nan ta yi abin da bulalarka ta kasa! Watan azumi ne kawai na samu sauƙi. Wata tara na yi ina zirga-zirga zuwa Kano, ga halin da hanyoyinmu suke ciki, kuɗin kuma ya lashe albashin wata huɗu da bashin adashi. Da tun farko an cike ramin haƙorin, ko an toshe giɓin da wuri, da ko kusa bai kai haka ba.

Don haka ina roƙon Shugaba, cikin kuɗin da muka tara bana a ware wani abu a gayyato likitan haƙori daga Gusau ko Sakkwato ya duba ƙannenmu sau ɗaya a shekara. Turmin farko na dindindin yana fitowa tun yaro yana ɗan shekara 6, iyaye da yawa suna ɗauka na nono ne, shi ya sa shi ake fara rasawa. Ni zan ɗauki kuɗin motar zuwan farko.