Jawabi ga iyaye mata da masu faɗakarwa: kada a bar gurbi a karnen yaro

 

Mun saba haɗuwa a kan maganar abinci: nono zalla har wata 6, kunu mai haɗi, da awon damtse. Yau a kan allurar rigakafi za mu tsaya, domin ita da abinci tafiyarsu ɗaya. Yaron da ƙyanda ta kama, wadda wasu ke kira baƙon dauro, bakinsa yakan yi miki, ya ƙi nono, ya ƙi kunu, zawo ya biyo baya. Cikin ƴan makonni sai jikin da uwa ta yi watanni tana ginawa ya zube. Cutar tana kuma cinye bitamin A na jiki, abin da kan taɓa ido har ya kai ga makanta. Shi kuwa yaron da tamowa ta riga ta raunana, in ƙyanda ta same shi, ta fi yi masa illa. Allura ce ke raba wannan mugun haɗi.

Zuwa shida ne ginshiƙin rigakafin yaro a Nijar. Ga su bi da bi.

Na farko, ranar haihuwa. Ana yi wa jinjiri allurar BCG a hannu, mai kare shi daga munanan nau'o'in tarin fuka, a kuma ɗiga masa maganin shan inna a baki. In a gida aka haihu, kada a jira suna ya wuce. Uwa tana jego, to uba, ko kaka, ko ungozoma su kai shi likita cikin kwanakin farko.

Na biyu, mako 6, wato kwana 42. Lissafin ba wuya: ana gama arba'in da kwana biyu, sai likita. A ranar ake soma allurar Penta, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka biyar cikin allura guda: mashaƙo, sarƙe haƙora, tarin shiƙa, wani nau'in ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai. Tare da ita akwai allurar ciwon huhu, ɗigon shan inna, da ruwan rigakafin zawo mai tsanani. Tun shekarar 2014 aka shigo da rigakafin zawo da na ciwon huhu cikin tsarin ƙasarmu.

Na uku, mako 10. Ana maimaita abin da aka yi a mako 6.

Na huɗu, mako 14. Ana cika Penta da allurar ciwon huhu karo na uku, a sake ɗigon shan inna, a ƙara da allurar shan inna.

Na biyar, wata 9. Ranar allurar ƙyanda ce ta farko, da ta ciwon shawara, da ta sanƙarau. Manya daga cikinku ba su manta yadda sanƙarau ke shiga gari da rani ba, lokacin ƙura da zafi. Nijar, da Mali, da Burkina Faso su ne suka soma karɓar wannan allura a 2010, kuma tun daga nan nau'in sanƙarau da aka yi ta dominsa ya ja baya ƙwarai.

Na shida, wata 16. Allurar ƙyanda ta biyu. A cikin yaran da aka yi wa ta farko akwai waɗanda ba ta kama jikinsu sosai ba, kuma ba a gane su da ido. Ta biyu ce ke cike wannan giɓi.

Zuwan farko ba su cika kuɓuce wa uwa ba, don suna kusa da juna, yaro kuma yana baya. Na wata 9 da na wata 16 su ne aka fi mantawa. Yaro ya fara rarrafe ko tafiya, aikin gona ya taso, wataƙila wani ciki ya shigo, sai a ga kamar an gama. Alhali a wannan tsakani ne kariyar da ya samo daga cikin uwarsa take ƙarewa, a nan ne kuma yaye da tamowa suke jiransa.

Sai maganar ƙa'ida, wato yawan abin da ake ba yaro. Maganin shan inna na baki ɗigo 2 ne. Penta da allurar ciwon huhu rabin mililita ce kowace, a cinya. Ta ƙyanda ma rabin mililita ce, a damtse. BCG ta jinjiri kashi ɗaya ce cikin goma na wannan. Wannan awo bai danganta da nauyin yaro ba: mai ƙiba da ramamme abu ɗaya ake ba su, ba a ragewa, ba a ƙarawa. Tsakanin Penta da Penta kuwa sai an bar aƙalla mako 4, domin jiki ya sami lokacin haɗa kariyarsa. Saboda haka ba a haɗa biyu rana ɗaya don a huta da dawowa.

Akwai kuma abubuwan da ke tafiya tare da allura. Daga wata 6 ake soma ba yaro bitamin A, a maimaita kowane wata 6 har ya shekara 5. Ƙwaya mai launin shuɗi ta ɗan wata 6 zuwa 11 ce. Ja kuwa, wadda ta ninka ta ƙarfi, ta ɗan wata 12 zuwa 59 ce. Maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya ake soma shi. Da damina kuma ana raba maganin rigakafin masassarar cizon sauro ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, wata-wata: ranar farko a gaban mai rabawa, kwana biyu na gaba a hannun uwa. A cika kwana ukun nan. Allurar rigakafin masassarar ma ta shigo ƙasarmu, an ƙaddamar da ita a Gaya cikin Satumba 2024, kuma sau 4 ake yin ta. Inda ake ba da ita, ma'aikacin lafiya zai rubuta ranakunta a karne. Ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

Yanzu ga tambayoyin da kuka fi yi.

Wata takan ce: “Ranar ta wuce, ina jin nauyin komawa.” Ki koma, baiwar Allah. Ba a sake lissafi daga farko. Yaron da ya sami Penta ta farko, ko da wata uku sun shige, ta biyu za a yi masa. Jinkiri yana da gyara muddin cuta ba ta riga allura isowa ba.

Wata ta ce: “Ɗana ya rame, bari ya yi ƙarfi tukuna.” Shi ne ya fi kowa bukata. Tamowa ba ta hana allura, haka mura, ɗan zawo, ko ɗumin jiki kaɗan. In awon damtse ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafu biyu sun kumbura, a kai shi likita a ranar, a tafi da karne. Ma'aikacin lafiya ne zai duba ya faɗi abin da za a fara da shi.

Wata ta ce: “Bayan allura jikinsa ya yi zafi, ya kwana kuka.” Hakan yakan faru, musamman bayan Penta, yakan kuma wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. A yawaita ba shi nono, a rage masa tufafi, a ba shi farasitamol gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Wurin BCG yakan yi ɗan ƙurji bayan ƴan makonni, ya fashe, ya warke ya bar lamba. Kada a matse shi, kada a shafa masa komai. Amma in zafin ya yi tsanani, ko yaro yana jijjiga, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya ƙi kama nono sam, a gaggauta kai shi likita.

Wata kuma ta ce: “Ai masu ɗigo sun zo gida sun ba shi.” Madalla, a karɓe su duk lokacin da suka zo. A watan Agusta 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, kuma da irin wannan ɗigo aka kai ga haka. Sai dai ɗigon gida-gida ƙari ne, ba ya maye gurbin zuwa shida ɗin nan.

Ku masu ciki, rigakafin jinjiri daga jikinku yake somawa. Allurar sarƙe haƙora da ake yi a awon ciki ita ke kare jariri daga cutar da ke shiga ta cibiya. Ta farko a zuwan farko, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu da ta biyar kowace bayan shekara guda.

Ku kuma masu faɗakarwa, ga amanar da ke wuyanku. Ku san kowace haihuwa a unguwarku, ku rubuta ranarta. Duk gidan da kuka shiga awon damtse, ku nemi karne, ku duba inda aka bar gurbi. Ku san ranakun da likitarku ke yin BCG da allurar ƙyanda, domin kwalbarsu ta yara da yawa ce, in an haɗa ta kuma ba ta wuce awa 6, shi ya sa akan ware musu rana. Uwar da ta yi tafiyar ƙasa aka ce ta dawo gobe, da wuya ta dawo. Ku sanar da ranar da ma'aikata za su fito ƙauye, ta bakin mai gari, da liman, da wurin suna. Ku zauna da maigida, don sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunsa suke. Ku tuna masa cewa allurar kyauta ce. Iyalin da za su tafi gona mai nisa, ko ci-rani, ko kiwo, ku ce su tafi da karne, domin duk likitar da suka tarar za ta ɗora daga inda aka tsaya. Wadda ta makara kuwa, ku tarbe ta da fara'a, ku raka ta in da hali.

Iyaye mata, in kun koma gida yau, kowace ta ɗauko karnen ɗanta. Wadda ba ta karatu ta nuna wa mai faɗakarwa, ya faɗa mata ranar zuwa na gaba, ta ɗaure ta da ranar kasuwa ko da tsayuwar wata. A ajiye karne cikin leda, inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, ga shi kuma an kawo mana shi har kusa da gida.