Hawan Jini Da Lafiyar Ido



Da yawanmu mun san hawan jini yana taɓa zuciya da ƙoda, yana kawo shanyewar ɓarin jiki. To amma ba kowacce ta san yana iya makantar da mutum ba.

Kin ga, a can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai laushi, shi ke karɓar haske har mu gani. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sirara ne kamar silin gashi. Idan jini ya hau sosai sai su matse su yi tauri, wasu su tsage jini ya ɗiga cikin tantanin, wasu su toshe. In abin ya tsananta, babbar jijiyar gani ma kumbura take. Da farko ba ciwo ba ƙaiƙayi, a ɓoye yake ɓarnarsa. Daga baya ne za ki fara gani dishi-dishi, ko biyu-biyu, ko wani gefe ya yi duhu.

Awon jini in ya kai 140 bisa 90, hawan jini ne. In ya kai 180 bisa 120, ga ciwon kai ga ido na hazo, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Ke mai juna biyu, ki saurara da kyau. Daga wata biyar zuwa bayan haihuwa, in kika ji matsanancin ciwon kai, fuska da hannu sun kumbura, kina ganin walƙiya-walƙiya, to jijjiga ce ke sallama. Kada ki ce kunya, ki sanar da maigida ko uwar miji a kai ki asibiti nan take.

Tozali da maganin ɗigawa ba sa sauke jini. A rage gishiri da dunƙule, kada gishirin yini ya wuce ƙaramin cokali guda. Mai jego ta yi hattara da kunun kanwa. Maganin da likita ya ba ki kada ki daina don kin ji sauƙi, kuma ki nemi a haska cikin idonki ko da sau ɗaya a shekara. In an tari abin da wuri, sau da yawa gani na dawowa. Jijiyar da ta riga ta mutu kuwa ba ta farfaɗowa.

Maigida, in kana kusa, a taimaka a ba ta izinin zuwa awo.

Allah ya ba mu lafiya, ya bar mu da ganinmu. Sai mako mai zuwa.