Malam Ibrahim na Kano da Isawa: Bangaskiya, Aiki da Ceto a Idon Kirista



Duk wanda ya bi hanya daga Birnin Kudu ya nufi Gwaram, in ya miƙa kudu, ƙasar Ningi zai faɗa. A ƙarni na 19 duwatsun nan mafaka ce ga wanda ya saɓa da fadar Kano. Malam Hamza na Tsakuwa can ya nufa wajen 1846, bayan rigimar haraji. Shekara ashirin bayansa wata jama'a ta bi sawu, su ne Isawa, almajiran Malam Ibrahim.

Shi Malam Ibrahim malami ne a birnin Kano, mai yawan nazari da kaɗaita. A cikin Alƙur'ani ya tarar an kira Annabi Isa kalmar Allah, da kuma ruhi daga gare shi. Wannan ya cika masa zuciya, har ya ɗaukaka Isa fiye da yadda malaman zamaninsa za su yarda, ya kuma koya wa mabiyansa su zauna da shirin dawowarsa. Aka nemi ya janye, ya ƙi. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wajen 1867, aka tsire shi a Kasuwar Kurmi. Ta bakin mabiyansa labarin ya zo mana, su ne kuwa suka ce ya faɗa musu wasu za su zo da Linjila.

To, mene ne hukuncin Kirista a kansa? Na sha jin 'yan'uwana suna cewa ai Kirista ne a ɓoye. Ni dai ban yarda ba, domin yin haka sa wa mamaci rigar da bai ɗinka ba ne. Musulmi ne mai neman Allah, littafinsa Alƙur'ani. Alƙur'ani kuwa, a Suratun Nisa'i, ya ce ba a gicciye Isa ba, alhali Manzo Bulus ya rataya ceto duka a kan gicciyen nan. A wasiƙarsa ga Afisawa, sura ta 2, ya nuna ceto kyauta ce ta alherin Allah, ana karɓarta ta bangaskiya, ba lada ba ce da mutum ya ci da guminsa. Wanda ke jiran Isa ya sauko ya gyara duniya, yana tsarkake kansa domin a same shi a shirye, ƙarfinsa yana kan shirin da ya yi. Kirista kuwa cewa ya yi an riga an biya bashin, shi miƙa hannu kawai ya yi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma ɓoye shi domin gudun ɓacin rai raina wa juna hankali ne.

Amma fa kada mu yi saurin gyara zama. Wasiƙar Yaƙub, sura ta 2, ta kira bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba matacciya. Mu da Littafi Mai Tsarki ke hannunmu da Hausa tun 1932, mutum nawa ne cikinmu zai tsaya a bakin kasuwa, da sarki da alƙali a gabansa, ya ƙi janye magana? Shi da ɗan abin da ya sani ya ba da ransa. Yakan tuna mini da Afolos na Ayyukan Manzanni, sura ta 18, mai himma ƙwarai, wanda saninsa bai cika ba sai da Bilkisu da Akila suka ja shi gefe. Malam Ibrahim bai sami mai jansa gefe ba. Makomarsa kuwa tana hannun Allah, ba a hannun mai lacca ba.

Mabiyansa ne suka ga abin da ya jira. A 1913 wasu daga cikinsu suka sadu da Likita Miller na mishan ɗin C.M.S. a Zariya, suka karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka wa ƙauyen, ya kashe da yawa. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya suka zama cikin tushen jama'ar Wusasa.