Wa Ke Yin Fansa? Littafin Soyayya da Neman Farin Ciki

Jawabin da aka gabatar a taron haɗin gwiwa na matasa da Zumuntar Mata, Damaga

Sannunku da zuwa, musamman ku da kuka taso daga Talata Mafara, Bakura da Maradun. Dukanmu mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba mai fitowa sai da addu'a. Ubangiji da ya kawo ku lafiya, shi zai mai da ku gida lafiya.

An ce in yi magana a kan aure da farin ciki. Zan fara da wani littafi, domin shi ya hana ni barci kwana da kwanaki.

A wata ikilisiya da na taɓa yi wa hidima, wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa ta zo wurina da maganar aure. Saurayin kowa ya san shi mashayi ne, ya ma taɓa marinta a gaban ƙawayenta. Na ce, "'Yata, kin yi tunani kuwa?" Ta ce, "Baba Fasto, na yi. Allah ne ya sa ni in cece shi." Sai ta ciro littafi daga jaka ta miƙo mini, ta ce in karanta zan gane.

Littafin na Turanci ne, sunansa Redeeming Love, wato ƙauna mai fansa. Wata Ba'amurkiya mai suna Francine Rivers ta rubuta shi, ya fito a 1991, aka kuma yi fim ɗinsa a 2022. Matar ta daɗe tana rubuta labaran soyayya irin na duniya kafin ta ba da ranta ga Almasihu a 1986. Ta ɗauko labarin annabi Yusha'u da matarsa Gomer, ta kai shi Kalifoniya a shekarun 1850, zamanin da jama'a suka yi ta tururuwa can haƙar zinariya. Mu mutanen Zamfara ba sai an gaya mana abin da haƙar zinariya ke jawowa gari ba. A cikin labarin akwai yarinya da aka sayar cikin karuwanci tun tana ƙarama, ana kiranta Angel. Wani manomi mai tsoron Allah, Michael Hosea, ya aure ta. Ta gudu, ya bi ta ya dawo da ita. Ta sāke gudu.

Na karanta shi daga farko har ƙarshe, kuma ba zan ɓoye muku ba, littafi ne mai kyau. Akwai wurin da na ajiye shi na share hawaye. Amma 'yar tawa ta tsallake wurin da ya fi muhimmanci. Gudun da Angel ta yi na ƙarshe, mijin bai bi ta ba, ya bar ta a hannun Allah. A birnin San Firansisko, nesa da shi, can ta ba da gaskiya, har ta buɗe gida don taimakon matan da ke so su bar karuwanci. Bayan wannan ne ta komo da ƙafarta. Ashe ko marubuciyar ta san cewa miji ba ya iya sāke zuciyar mata, mata kuma ba ta iya sāke zuciyar miji. Wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne.

Mu duba Maganar Allah kanta. Yusha'u ya yi annabci a mulkin Isra'ila ta arewa, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, zamanin sarki Yerobowam na biyu. A sura 1 zuwa 3 Allah ya umarce shi ya auri mace marar aminci, ya raɗa wa 'ya'yansu sunaye masu ɗaci, daga baya ya fanso ta da azurfa 15 da awon sha'ir. Me ya sa? Domin auren ya zama hoto a idon jama'a, su ga yadda Isra'ila ta bar Ubangiji ta bi Ba'al, shi kuwa bai yashe ta ba. Saƙo ne na musamman ga annabi guda, ba doka ba ce ga kowane saurayi da budurwa. Idan muna neman kanmu a cikin wannan labari, ba Yusha'u ba ne mu. Mu ne Gomer, ni da ku. Mai Fansa ɗaya ne, ya kuwa riga ya biya kuɗin fansar a kan gicciye.

Saboda haka, 'yata, idan saurayi ya ɗaga miki hannu tun kina gidan ubanki, kada ki ce kiran Allah ne ki shiga gidansa. Yi masa addu'a, ki faɗa wa dattawa su taimake shi, amma kada ki mai da aurenki asibiti. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kai ma ɗana, haka nan. Ku kuma da kuka riga kuka yi aure kuna shan duka a ɓoye, ku zo ku faɗa. Haƙuri umarni ne, amma ikilisiya ba ta taɓa cewa ki yi shiru har a kashe ki ba.

In kuna son labarin soyayya a Littafi Mai Tsarki da za ku bi sawunsa, ga Littafin Rut, sura 4 kacal. Gwauruwa ce, baƙuwa daga Mowab, tana kalar sha'ir a gonar Bo'aza a Baitalami don ta ciyar da surukarta Na'omi. Abin da Bo'aza ya fara ji game da ita shi ne amincinta da ƙwazonta. Abin da ita ta fara gani a wurinsa shi ne ya hana barorinsa su taɓa ta, ya ba ta ruwa da abinci. An kuma ƙulla maganar a ƙofar gari gaban dattawa 10. Daga wannan aure aka haifi Obida, kakan sarki Dawuda. Hali aka fara dubawa, sannan farin ciki ya biyo baya.

Yanzu na juyo gare mu iyaye. Wasu za su ce maganin abin shi ne a hana yara karatun soyayya. Ku yi haƙuri, ban yarda ba. Tun da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a Zariya a 1980, aka zo kan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, 'yan matan ƙasar Hausa, Musulmi da Kirista, suke karanta irin waɗannan littattafai. A 2007 an ƙona wasunsu a bainar jama'a a Kano, karatun bai tsaya ba. Yau ma labaran sun koma cikin waya, ana tura su ta WhatsApp. Wace wuta za ka hura wa wannan? Abin da ya fi, uwa ta ce wa 'yarta, "Ba ni labarin abin da kike karantawa." Da ban karanta littafin nan ba, da ba ni da abin da zan ce wa yarinyar sai faɗa, ita kuwa da ta toshe kunne.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa junanmu. Mu kaɗan ne a wannan yanki. A wasu ikilisiyoyinmu budurwa za ta ƙirga samarin da suka isa aure a yatsun hannu ɗaya. Wasu sun tafi Gusau ko Kaduna neman aiki, wasu rashin tsaro ya kore su tare da iyalansu. Tsoron kada ta tsufa a gida ne ke sa yarinya ta rungumi wanda ta san ba zai riƙe ta ba, sannan ta nemo aya ta lulluɓe tsoron da ita. Laifin ba nata kaɗai ba ne. Mu daina tambayarta a ƙofar sujada, "Ke sai yaushe?" Mu yawaita irin wannan taro domin matasanmu su san juna a fili. Mu rage nauyin kayan aure, kada saurayi mai hali ya tsufa yana tara kuɗin akwati. Ku matasa da Allah ya ba baiwar rubutu, ku rubuta mana namu labaran da Hausa, labarin masu bi da ke noman rani a Bakalori, masu sayar da hatsi a kasuwa, waɗanda ke riƙe da alkawari cikin wahala.

Za ku so ku ji ƙarshen yarinyar nan. Mun zauna da ita da mahaifiyarta, muka karanta surorin ƙarshe na littafin tare, muka karanta Yusha'u. Ta yi fushi da ni, wata biyu ba ta gaishe ni ba. Amma ta fasa auren. Ba zan ce muku wani attajiri ya fito washegari ba, domin ba haka ya faru ba. Har na bar wurin ba ta yi aure ba, tana ɗinki, tana koyar da yara a makarantar Lahadi. Ranar da muka yi sallama ta ce mini, "Baba, yanzu ina barci da kwanciyar rai."

Manzo Bulus yana cikin sarƙa lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ta cika da maganar farin ciki. Ku karanta sura 4 a gida yau da dare. Wanda ya sami farin ciki cikin Almasihu, in ya yi aure zai shiga da shi gidansa. Wanda bai samu ba, aure ba zai ba shi ba.

Mu tashi mu yi addu'a domin 'ya'yanmu. Ubangiji ya ba su idon ganewa, ya ba mu iyaye kunnen saurare, ya kuma kawo salama a ƙasarmu. Cikin sunan Yesu, Amin.