Kafin Ka Ba Da Kuɗin Gida, Duba Takarda

(Jawabin Edita ga ɗaliban ajin manya da jama'ar ƙasar Zakka)

Ina gaida iyayenmu masu unguwanni da magaddai, da malamai, da iyaye mata, da dukkan jama'ar ƙasar Gatarin Katsina. Ina kuma gaida baƙinmu da suka zo daga Safana da Runka da Batsari. Allah ya saka da alheri.

Maganarmu ta yau a kan sayen gida ce da fili, da jinginar gona, da neman rance a banki. Kowa ya san halin da ƙauyukan gefen dajin Rugu suka shiga, musamman daga shekarar 2019. Mutane da yawa sun bar gidajensu, sun koma Batsari ko Dutsin-ma ko Katsina. Wasu sun sayar da gona cikin gaggawa don su fanso ɗan'uwa. Wasu sun tara ɗan abin da ya rage sun sayi fuloti a garin da ba su san kowa ba. A irin wannan ciniki na sauri ake cutar bayin Allah. Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne: biyan kuɗi kaɗai ba ya sa gida ya zama naka. Sai da bincike, da shaidu, da takarda, da yardar hukuma.

Wa ke da ƙasa?

A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, kuma har yau ita ke aiki. Dokar ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana saboda jama'a. Abin da ni da kai muke da shi shi ne ikon zama da ikon amfani. Wannan iko shi muke gada, shi muke saye, shi muke sayarwa.

Filayen birni, kamar na cikin Katsina, gwamna ke ba da takardarsu. Filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da takardar zama bisa al'ada. Mu a nan, tamu ita ce ta Safana. Dokar ta ce wanda zai sayar ko ya jinginar da filin da gwamna ya ba da takardarsa, sai ya sami yardar gwamna. Na karkara kuma sai da yardar ƙaramar hukuma. Cinikin da ya tsallake wannan, kotu na iya rushe shi.

Bincike kafin ciniki

Na farko, ka je da ƙafarka ka ga gidan ko gonar. Kada ka yi cinikin biri a sama. Dillali la'adarsa yake nema, in an yi rikici ba za ka gan shi ba.

Na biyu, ka tambayi mai sayarwa yadda abin ya zo hannunsa. Saye ya yi? Ina takardar? Kyauta aka ba shi? Su wane ne shaidu? Gado ne? To, a nan sai ka buɗe ido sosai. Gidan gadon da ba a raba ba, ba na babban wa ba ne shi kaɗai. Matar mamaci tana da tumuninta, wato kashi 1 cikin 8, idan akwai 'ya'ya. 'Ya'ya mata suna da rabonsu, ko da suna aure a wani gari. Marayun da ba su balaga ba su ma haka. Idan ka saya a hannun mutum ɗaya, wata rana yaron da ke goye yau zai girma ya kai ka gaban alƙali. Ko ba wannan ma, shari'a ta ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ikon ya biya kuɗin da ka biya ya karɓe kason da aka sayar maka. Malamai suna kiran wannan shufu'a. Saboda haka a raba gado tukuna, ko kuwa dukkan magada su sa hannu.

Na uku, ka zaga iyaka tare da maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa. Gamba tana mutuwa, itace ana sarewa, rafi yana sake hanya. A kafa alamar siminti a kowace kusurwa. Ka tabbata wurin ba burtali ba ne, ba makiyaya ba, ba filin makaranta ko na maƙabarta ba.

Na huɗu, ka sanar da mai unguwa da magajin gari. Su suka san gonar da aka taɓa jinginarwa, da wadda ake shari'a a kanta. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da za a rubuta

In ciniki ya faɗa, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu wajen ciniki. Ashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Takardar ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da na mai saye, da inda wurin yake, da girmansa, da sunayen maƙwabtan iyaka. A rubuta kuɗin da lamba, a kuma rubuta shi da kalmomi. A sa kwanan wata. In kafin alƙalami aka bayar, a faɗi nawa ne, a faɗi ranar cikawa, a karɓi rasit. Shaidu su zama daga ɓangare biyu, kuma a sa matasa a ciki, don dattijo ba ya dawwama.

Ku da kuka iya karatu yanzu, ku karanta da kanku tun daga sama har ƙasa. Wanda bai iya ba, ya zo da nasa mai karatu, kada ya dogara da na abokin ciniki. Kada ka taɓa dangwala yatsa a farar takarda da sunan za a cike daga baya.

Jingina ma haka take. A ce ka ba da gonarka jingina a kan naira 300,000. Shekara 10 ta wuce, shaidu sun rasu. Ka kawo kuɗi, sai 'ya'yan mai riƙe da ita su ce ai ubansu saye ya yi. Da me za ka kare kanka? Kalma ɗaya a rubuce, "jingina", ita za ta dawo maka da gonar ubanka.

Takardar mai gari da takardar gwamna

Takardar da mai unguwa da hakimi suka buga wa hatimi tana da amfani ƙwarai, domin shaida ce cewa an yi ciniki. Amma ba ta kai takardar mallaka ta gwamna ba, wadda ma'aikata ke kira si-of-o. Ita wannan sai safiyo ya auna fili ya zana taswira, an biya kuɗin hukuma, sannan a ba da ita, yawanci na shekara 99.

Idan za ka sayi fuloti a Katsina ko Dutsin-ma, aka nuna maka irin wannan takarda, kada ka tsaya a kallon hatimi. Akwai ta jabu. Ka karɓi lambarta, ka je ma'aikatar filaye ko hukumar KATGIS a Katsina, a duba rajista. Can za ka san ko sunan mai sayarwa ne a kanta, da ko tana jingine a banki. In kuɗin gidan da yawa, ka ɗauki lauya. Ladan lauya bai kai asarar gida ba. Bayan ciniki, a nemi yardar gwamna, a yi rajistar sunanka.

Me banki ke nema?

Manoma sukan ce, "Ga gonata, ga gidana, don me banki ya hana ni rance?" Dalilin shi ne banki na son abin da zai iya sayarwa in an kasa biya. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke wata shari'a tsakanin bankin Savannah da wani mai suna Ajilo. An jinginar wa bankin gida a Legas ba tare da yardar gwamna ba. Da bankin ya tashi sayarwa, kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba. Wannan na cikin abin da ya sa bankuna ke tsanantawa.

Don haka banki zai nemi takardar mallaka mai sunanka. Zai bincika rajista. Zai aiko mai ƙiyasta darajar gidan. Zai nemi shaidar abin da kake samu a wata, da shaidar biyan haraji, da lambarka ta banki da ta ɗan ƙasa. Sannan a nemi yardar gwamna a kan jinginar. Yawancin kuɗin wannan zirga-zirga kai za ka biya.

Akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda bankin lamunin gidaje na tarayya ke kula da shi. Mai shiga yana zuba kashi biyu da rabi cikin 100 na abin da yake samu. Bayan wata 6 yana zubi zai iya neman rance, da ruwan kashi 6 cikin 100 a shekara, a biya har zuwa shekara 30. Mai gudun kuɗin ruwa kuma akwai bankunan da ba sa aiki da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Amma su ma sai sun ga takarda da hanyar biya.

Ku sani, duk wanda ya jinginar da gidansa ya kasa biya, ana iya yin gwanjon gidan da iyalinsa ke kwana a ciki. Manomi samunsa na kaka ne, banki kuwa kowane wata yake jira. Ka lissafa da shekarar fari, kada ka lissafa da shekarar albarka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga ƙarshe, wanda ya bar gona a ƙauye, ya sanar da magajin garinsu wanda ya bar wa riƙo, a rubuta. Wanda ke da tsohuwar takarda ya yi mata hoto, ya ajiye kwafi a gidan ɗan'uwa a wani gari, saboda gobara da gara. Iyaye mata, gonar da kuka gada a rubuta ta da sunanku.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.