Ilimin Jinya Ma Yana Tsufa

 

Da sakataren ƙungiya ya ce in yi magana a kan aikina na jinya, sai na ga ya fi kyau in fara da wani labari da na daɗe ina jin nauyin faɗinsa. Ga malaman da suka hore mu a kan faɗin gaskiya a zaune, don haka ba zan rage komai ba.

A daminar 2009 ina aiki a wani ƙaramin asibitin karkara tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Wani dare aka kawo mini wata yarinya mai cikin fari a amalanke daga wajen garinmu Yalwan Damai, tana jijjiga, ta tauna harshenta. Na yi mata allurar diazepam kamar yadda aka koya mana. Jijjigar ta lafa, can ta dawo. Sai da asuba muka sami motar da ta kai mu babban asibiti. Allah Ya tashi kafaɗarta, amma ɗan bai zo da rai ba.

A nan wata ungozoma, wadda a haife na haife ta, ta tambaye ni cikin ladabi, "Baba, ba ku da magnesium sulphate ne?" Na yi shiru. Akwai shi a ɗakin ajiyarmu, ban taɓa buɗe kwalin ba, domin ban san ƙa'idar ba da shi ba, ina kuma tsoronsa. Rai da ajali na Allah ne, wannan babu shakka. Amma a ranar na san ilimin da na fito da shi daga makaranta a 1992 ya tsufa a hannuna. Da na koma gida na buɗe akwati, sai na tarar lasisina ya shekara huɗu da ƙarewa.

To, mene ne wannan lasisi? Dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979 ita ce ta kafa Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, bayan an haɗe hukumar jinya da ta ungozoma waɗanda a da kowace take cin gashin kanta. Ita ke yi wa makarantun jinya rajista, irin wadda muke da ita a Birnin Kudu, ita ke shirya jarrabawar fita, ita kuma ke ba da izinin aiki. Rajista sau ɗaya ake yi, amma lasisi lokaci-lokaci ake sabunta shi, ko a Jigawa kake ko a Legas. Tun daga 2010 hukumar ta wajabta bitar ƙarin ilimi, wadda muke kira MCPDP a taƙaice. Ma'aikaci zai halarci bita ta 'yan kwanaki, a ba shi shaida, ya haɗa da kuɗin sabuntawa, sannan a ba shi sabon lasisi. Yanzu ta intanet ake cike takardun.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauki abin a matsayin hanyar karɓar kuɗi kawai. Ni ma haka na ɗauka a da. Amma ku dubi abin da ya sauya tun fitarmu makaranta. Kulorakwin muka sani a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro. A 2005 Nijeriya ta ajiye shi ta koma ga haɗin magunguna masu artemisinin, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa haɗa wa yaro mai gudawa ƙwayar zinc da ruwan gishiri da sukari. A 2010 aka ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓi. Cibiyar jariri da muke gogewa da sifirit, yanzu man chlorhexidine ake shafa mata. Shi kuwa magnesium sulphate da na ji tsoro, a 2008 aka shigar da shi asibitoci goma na Jihar Kano, aka horar da ma'aikata, sai mace-macen masu jijjiga a asibitocin suka sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Wato ana wannan aiki a maƙwabtanmu, ni ina nan ban sani ba.

A 2011 na je bita, na zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Gemu ba ya hana ilimi. A can na koyi yadda ake ba da maganin, da duba numfashin mai jinya da fitsarinta da motsin gwiwarta kafin a ƙara mata, da ajiye calcium gluconate a kusa ko da ya yi mata yawa. Tun daga nan na tarbi masu jijjiga da dama hankalina a kwance.

Sai dai in faɗi gaskiya, ba lalaci kaɗai ke hana ma'aikacin karkara zuwa bita ba. Wanda yake shi kaɗai a asibiti, in ya tafi Dutse na mako guda, wa zai bar wa marasa lafiya? Ga kuɗin mota da masauki daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba. Ga wahalar intanet a ƙauye. Saboda haka wanda ya fi kowa bukatar sabon ilimi, domin babu likita kusa da shi, shi ne ya fi kowa wahalar samunsa.

Don haka ina da roƙo guda uku. Na farko, abokan karatunmu da Allah Ya ɗora a kan kujerun ma'aikatar lafiya da ƙananan hukumomi, ku riƙa tura mai riƙon ƙwarya domin na ƙauye ya sami zuwa bita. Na biyu, ƙungiya ta duba ko za ta ware wani abu daga asusunta, ko kuɗin mota ne, ga 'ya'yanta masu jinya a karkara. Na uku, masu asibitocin kuɗi a cikinmu, kada ku ɗauki ma'aikaci sai kun ga lasisinsa kun karanta kwanan watan da ke jiki. Mu da kanmu muke gargaɗin jama'a su duba ranar ƙarewar magani kafin su sha. Ashe mai ba da maganin ma ya kamata a duba tasa.

Ku kuma abokan aikina da ke cikin wannan ɗaki, in kun koma gida yau ku buɗe akwati ku duba.

Yarinyar nan tana raye, tana da 'ya'ya huɗu. Duk ranar da muka haɗu a kasuwa sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce wa 'ya'yanta ga wanda ya taimake ta. Ni kuwa na san abin da na sani.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.