A Ina Za a Ɗaura? Jawabin Sakatare Kan Auren 'Ya'yanmu Masu Tafiya Ƙasar Waje

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata.

A 'yan shekarun nan, iyaye suna yawan zuwa ofishinmu a nan Sabo da magana guda: yaro yana Ingila ko Amurka, ya aiko neman aure, ya ce a bari yarinya ta taho tukuna, sai a ɗaura a can. Shawararmu ita ce a ɗaura a gida, a gaban waliyyi da shaidu, a riƙe takarda a hannu kafin ta hau jirgi. Ga dalilanmu.

Na farko, dokar Ingila tana karɓar auren da aka ɗaura a wata ƙasa, muddin dokar wannan ƙasar ta amince da shi, kuma dokar Nijeriya ta amince da auren Musulunci. Amma idan a can aka ɗaura, a cikin gida ko a masallacin da ba shi da rajistar ɗaurin aure, to a wurin hukumarsu ba a yi aure ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta tabbatar da haka a 2020, a shari'ar wata mata da ta yi shekara 18 da mijinta, har da 'ya'ya huɗu. Macen da ke cikin wannan hali, ranar da aka rabu ba ta da haƙƙin matar aure a gaban alƙali.

Na biyu, bizar mai zuwa aure tana da wa'adi. A Ingila wata 6 ne, kuma ba a yarda ta yi aiki ba. A Amurka kwana 90 ne. Idan yaro ya canza ra'ayi, 'yarmu ta rasa tudun dafawa, ba miji, ba izinin zama.

Sai dai ɗaurawa a gida ma tana buƙatar lura. Mun saba ango ya aiko wakili yana can. Hukumar shige da fice ta Amurka ba ta lissafa irin wannan aure sai an nuna ma'auratan sun tare bayan ɗaurawa. Saboda haka ango ya zo da kansa, a ɗauki hotuna, a rubuta sadaki da sunayen shaidu. Mu a jihar Oyo ba mu da kotun Shari'a ta gwamnati kamar Kano, don haka mu nemi takardar liman mai hatimi, suna kuma ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi.

Wasu suna ƙarawa da auren rajista, irin wanda ake yi a Ikoyi, inda ake ba da sanarwar kwana 21. Takardarsa tana da ƙarfi a ofishin jakadanci, amma mu san abin da muke sa wa hannu. Aure ne na mace ɗaya. Wanda ya ƙara aure a kansa, doka ta tanadar masa ɗaurin shekara 5. Kuma saki da baki ba ya warware shi, sai babbar kotu. A zauna da malami da lauya kafin a je.

Iyaye mata, ku riƙe kwafin fasfo da takardar aure a gida. Ita ma yarinya ta karanta duk abin da aka ba ta da idonta. Wanda karatun boko ya yi wa nauyi, ya kawo takardun ajinmu na yaƙi da jahilci, mu duba tare.

Allah Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a duk inda suke.